Sa hannu ɗaya ya hana ka zuwa kotu: sasancin dole a Amurka

Baffan Bronx:
Salamu alaikum jama'a. Akwai maganar da ta tsaya min a rai kuma ban ga an taɓo ta a zauren nan ba. Ranar 17 ga Satumban 2025 hukumar SEC, masu sa ido kan kasuwar hannun jari a nan Amurka, ta fito ta ce daga yanzu ba za ta riƙe wa kamfani takardunsa na shiga kasuwa ba don kawai ya rubuta cewa duk mai hannun jarin da ke da ƙorafi ba shi ba kotu, sai dai ya je wurin mai sasanci shi kaɗai. Da can ba a yarda da wannan, a 2012 kamfanin Carlyle ya gwada, da ya ga an taso masa ya cire sharaɗin. Yanzu a ƙarƙashin shugabancin Paul Atkins an buɗe hanya, kwamishinonin hukumar uku suka amince, mace ɗaya ce ta ƙi, Caroline Crenshaw. Abin da ya dame ni shi ne wannan sharaɗin ya riga ya cinye mu a waya da katin banki da wurin aiki, saura kuɗin fanshonmu, ga shi nan ma an nufo. Anti Lauya dan Allah in kina kusa ki warware mana.

Mai Taksi:
Wslm Baffa. wlh ni ban gane ba, yaushe na sa hannu na ce bazan je kotu ba?? ni ban taba ba

Anti Lauya:
Wa alaikumus salam Baffa, ina wuni. Mai Taksi ka sa, kuma ba sau ɗaya ba. Duk ranar da ka sauke manhaja ka danna maɓallin amincewa, ko ka buɗe akawun a banki, ko ka sayi layin waya, akwai dogon rubutun nan da ba mai karantawa, to can ƙasa-ƙasa yawanci akwai sakin layi da ke cewa duk rigimar da ta taso tsakaninku abitireshon, wato sasanci, za a je, kuma ba ka da ikon haɗuwa da wasu ku yi ƙarar taron dangi. Wannan na biyun shi ne dafin.
Tushen abin wata tsohuwar doka ce ta 1925, dokar sasanci ta tarayya. An yi ta ne saboda 'yan kasuwa masu ƙarfi ɗaya su riƙa kashe rigimarsu ba tare da ɓata shekaru a kotu ba, kuma a nan ba laifi. Daga baya ne kotun ƙoli ta yi ta buɗa ta tana buɗawa har ta rufe kan mai sayen waya. Shari'ar da ta juya komai ita ce ta AT&T da wasu ma'aurata masu suna Concepcion a Kalifoniya, 2011. An tallata musu waya kyauta, sai aka caje su harajin dala 30.22. Suka shigar da ƙara a madadin duk wanda aka yi wa haka. Kotunan Kalifoniya suka ce sharaɗin da ya hana taron dangi zalunci ne ba zai yi aiki ba. Kotun ƙoli ta rushe, alƙalai 5 da 4, alƙali Scalia ne ya rubuta hukuncin, ya ce dokar 1925 ta fi ƙarfin dokar jiha. Daga ranar kamfanoni suka yi ta cusa sharaɗin ko'ina.

Ɗan Kasuwan Houston:
Barista da girmamawa, amma bari in kawo ɗaya ɓangaren don kada a yi wa jama'a gurguwar fahimta. Ƙarar taron dangin nan da kuke kuka a kai wa take amfana? Ni an sha aiko min da cek daga irin shari'un nan, kuɗin da ko man zuwa banki ba za su saya ba, lauyoyi kuwa sun kwashe miliyoyi. Ita kanta hukumar CFPB, mai kare masu hulɗa da bankuna, da ta yi bincike a 2015, da aka raba kuɗin sai aka ga abin da ke shiga aljihun mutum ɗaya bai wuce wajen dala 32 ba. Sannan a shari'ar AT&T ɗin da kika kawo, ki faɗa musu kamfanin ya yi alƙawarin biyan aƙalla dala 7,500 ga wanda ya ci nasara a sasanci fiye da tayin da suka yi masa, har da ninkin kuɗin lauyansa. Ina zaluncin? Ina da ma'aikata a shagona, na san yadda takardar lauya ɗaya take hana mutum barci ko da yana da gaskiya. Kotu a ƙasar nan shekaru take ci, sasanci watanni.

Hajiyar Columbus:
Alhaji kai fa kana magana ne a matsayin mai shago, mu muna magana a matsayin waɗanda ake cira wa dala biyar biyar a akawun ba mu san hawa ba ba mu san sauka ba

Anti Lauya:
Alhaji maganarka akwai gaskiya a ciki, ba zan musa ba akwai lauyoyin da suka mai da abin gona, kuma akwai sulhun da ake yi wanda kamfani da lauya ne kawai suka ƙaru. Amma dubi lissafin daga ɗaya gefen. Kamfani ya ciri dala 30 daga mutum miliyan ɗaya, dala miliyan 30 ke nan ya sa a aljihu. Mutum nawa ne a cikin miliyan ɗin za su bar aiki, su nemo fom, su rubuta ƙorafi, su jira mai sasanci, saboda dala 30? An yi wani babban alƙali a Chicago, Richard Posner, wanda kowa ya san shi ba maƙiyin 'yan kasuwa ba ne, ya rubuta a hukunci tun 2004 cewa in aka hana taron dangi ba wai mutane za su zo ɗai-ɗai ba ne, ba wanda zai zo sam, don sai wanda kansa ba daidai ba ko mai naci ne zai yi ƙara a kan dala 30. Shi ya sa alƙawarin 7,500 bai ba su tsoro ba, sun san ba a zuwa, wanda ya zo kuma sai a biya shi dala 30 ɗinsa tun kafin a zauna, shi ke nan an sallame shi, sauran dubu ɗari tara da ɗoriya ba su ma san an cuce su ba.
Kuma binciken CFPB ɗin da ka ambata, a ciki ne aka nuna cewa daga 2010 zuwa 2012 duk ƙasar nan ƙorafin da aka kai babbar cibiyar sasanci ta AAA kan katin bashi da akawun da bashin ɗalibai da makamantansu bai kai 2,000 ba. Shekara uku fa, a ƙasa mai mutum sama da miliyan 300. A cikinsa kuma aka ga sama da kashi uku cikin huɗu na mutanen da aka tambaya ba su ma san ko akwai sharaɗin a kansu ba. To dala 32 ɗin ba ita ce ribar ba Alhaji. Ribar ita ce kamfani ya amayar da abin da ya haɗiye, gobe ya ji tsoron maimaitawa.

Baffan Bronx:
Ni abin da ya sa na daina ganin abin a matsayin wasa shi ne na Wells Fargo. Kun tuna 2016 da asiri ya tonu, ma'aikatan bankin suna buɗe wa mutane akawun da katin bashi ba da saninsu ba don su cika adadin da manya suka ɗora musu, aka ci su tarar dala miliyan 185, daga baya adadin akawun ɗin ya kai wajen miliyan 3.5. To tun kafin nan mutane sun je kotu. Bankin ya ce ai kun sa hannu a sasanci lokacin da kuka buɗe akawun ɗinku na gaskiya, saboda haka har na bogin da muka buɗe da sunanku ya shiga ciki. Kuma alƙalai suka karɓa! Ku duba fa, akawun ɗin da ba ka buɗe ba, sa hannun da ba ka yi ba. Da an bar shari'un nan sun tafi a fili a kotu, ƴan jarida na zaune, da ƙila an tsayar da ɓarnar tun da wuri. A sasanci komai a rufe yake, wanda aka cuta a Arizona bai san akwai ɗan'uwansa a Ohayo ba.

Malam Na Harlem:
Assalamu alaikum. Ina bin ku tun ɗazu. Kada mu ɓata sunan sulhu, sulhu alheri ne, addini ya kwaɗaitar da shi, kuma malamai sun yi bayanin halaccin mutum biyu su ɗora wani ya yi musu hukunci. Amma sharaɗinsa yardar duka biyun, da ransu ya so, a kan wanda suka aminta da shi. Wannan da kuke faɗa kuwa tamkar mai gida ne ya doke ka sannan ya ce yaron gidansa ne zai raba ku, kuma in ka ƙi ba ka ba gidan haya a duk unguwar. Yarda ba ta tabbata ga wanda ba shi da wata mafita.

Ɗan Kasuwan Houston:
Allah gafarta Malam ai ba yaron gidansa ba ne, masu sasancin nan da yawa tsofaffin alƙalai ne, kuma ɓangare biyu ke zaɓa. Sannan ba wanda ya tilasta maka sayen layin wani kamfani, ka je wani

Hajiyar Columbus:
wani wanne Alhaji? ka duba manyan kamfanonin wayar duka ka gaya min wanda ba shi da shi. ko mu koma aika wasika ne

Anti Lauya:
Da yawansu mutanen kirki ne Alhaji, ban ce ba. Matsalar tsarin ce. Kai sau ɗaya za ka je gabansa a rayuwarka, kamfanin kuwa kullum yana kawo aiki, kuma yana da lissafin wane ne ya taɓa yanke masa hukunci mai zafi. In kuma mai sasanci ya yi kuskure a doka, da wuya ƙwarai kotu ta taɓa hukuncinsa, kusan babu ɗaukaka ƙara. An ma taɓa kama wata babbar cibiya dumu-dumu, National Arbitration Forum, a 2009 babbar lauyar jihar Minesota ta kai su kotu kan cewa suna da alaƙar kuɗi a ɓoye da masu karɓar bashin da suke kawo musu ƙara, cikin kwanaki suka yarda suka fice daga harkar sasancin masu saye gaba ɗaya.
Kuma Alhaji kai da kake ɗan kasuwa abin ya fi shafarka fiye da yadda kake zato. Akwai lokacin da wani gidan abinci a Oakland, Italian Colors, da wasu ƙananan 'yan kasuwa suka yi ƙarar American Express kan kuɗin da ake tatsa a wurinsu in an biya da kati. Kafin ka tabbatar da irin wannan ƙarar sai ka ɗauki masanin tattalin arziki da zai iya cin dubban ɗaruruwa har ya haura dala miliyan ɗaya, alhali duk abin da gidan abincin zai samu in ya yi nasara bai kai dala 39,000 ba. Suka ce a bar mu mu haɗa kuɗi mu yi tare. A 2013 kotun ƙoli ta ce a'a, kowa tasa ta fisshe shi. A 2018 kuma aka yi wa ma'aikata irinta a shari'ar Epic Systems, alƙalai 5 da 4.

Mai Taksi:
to ni yanzu na gane abinda ya same ni. akwai wani kamfanin manhaja da nake musu aiki bara, sai na lura kudin da suke nuna min na tafiya da wanda fasinja ya biya ba su daidaita da kason da aka ce, kuma tukwicin wasu baya shigowa duka, mun zauna mu wajen goma a wurin da muke sallah kusa da filin jirgi kowa ya bude wayarsa muka ga duk haka ne, muka hada kudi muka je wurin wani lauya ya karanta takardar ya ce mana ba zai iya hada mu a kara daya ba kowa sai ya shigar da tasa daban, daga nan kowa ya watse don wa ke da lokacin, in ka tsaya kwana daya kudin hayar mota na jiranka

Ɗan Damagaram (Greensboro):
Sannu ɗan'uwa. Barista mu masu tirela fa? na ji an ce mu dokar ba ta kama mu

Anti Lauya:
Akwai ƙamshin gaskiya. Dokar 1925 ɗin tun asali ta ware ma'aikatan sufuri masu ƙetare jihohi da kaya, kuma a 2019 a shari'ar New Prime kotun ƙoli ta ce wannan ya haɗa har da direban da aka rubuta shi a matsayin mai zaman kansa. Amma kada ka saki jiki, kamfani na iya bi ta dokar jiha, ka kai takardarka a duba maka.
Mai Taksi kada ka karaya, akwai dabarar da ta fito. Tunda sun ce kowa ya zo shi kaɗai, sai wasu lauyoyi suka ce to ga mu nan ɗai-ɗai amma dubbai a rana ɗaya. A ƙa'idar cibiyoyin, kamfani ne ke biyan mafi yawan kuɗin buɗe kowace ƙara. Direbobin kamfanin kai abinci na DoorDash sama da 5,000 suka yi haka, kuɗin buɗewa kawai ya haura dala miliyan 9, kamfanin ya ƙi biya ya ruga kotun da ya hana mutane zuwa, a 2020 alƙali William Alsup a San Francisco ya ce ku kuka rubuta sharaɗin, ku biya. Amazon ma da aka tara mata ƙorafi sama da 75,000 kan na'urar Echo, a 2021 ta cire sharaɗin sasancin da kanta ta ce a je kotu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka ba saurin shari'a suke so ba.

Baffan Bronx:
Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi ke nan. Allah ya ƙara

Ɗan Kasuwan Houston:
To ai wannan ma ƙwace ne da rana tsaka Barista. Ka tara sunaye dubu goma ta tallan Facebook, rabinsu ba su ma san me ake ciki ba, ka ce kamfani ya biya miliyoyi kafin a saurari ko mutum ɗaya. Ni dai har yanzu ina ganin gyara ake buƙata a ɓangare biyun.

Auta (Kano):
Slm iyayena da yayyena. Ni ina gida Najeriya amma ina ɗan sayen hannun jarin kamfanonin Amurka ta manhaja a waya, kaɗan-kaɗan. Maganar da Baffa ya fara da ita ta shafe ni ko ta mazauna can ce kawai?

Anti Lauya:
Ta shafe ki ƙanwata, amma abu biyu ne kada ki haɗa. Na farko tsakaninki da dillalin da ke saya miki. A nan Amurka tun hukuncin kotun ƙoli na 1987 kusan duk dillali yana tura rigimarsa da kwastoma zuwa sasanci, yanzu a wurin FINRA, hukumar da ke sa ido kan dillalai, sai dai ƙa'idar FINRA ta hana su toshe ƙarar taron dangi, Charles Schwab ya gwada, a 2014 aka taka masa burki. Ke kuma da kike Kano sai ki karanta yarjejeniyar manhajar taki ki ga dokar wace ƙasa suka rubuta da inda za a zauna.
Na biyu shi ne wanda Baffa ya kawo, tsakaninki da shi kansa kamfanin da kika sayi hannun jarinsa. A ce shugabanninsa sun yi ƙarya a lissafin riba, gaskiya ta fito, farashi ya faɗi warwas. Yadda ake yi yanzu, manyan asusun fansho ne ke jan ƙarar a madadin kowa, ke da kike da hannun jari biyu ba ki biya ko sisi ba amma in an yi nasara kina da kaso. Haka aka yi da kamfanin Enron da ya ruguje a 2001, Jami'ar Kalifoniya ta jagoranta, aka karɓo wajen dala biliyan 7.2, mafi yawa daga bankunan da suka taya shi rufa-rufa. In sharaɗin nan ya shiga takardun kamfani, babban asusu zai iya ɗaukar lauyoyi ya je sasanci ya karɓi nasa a asirce, ke kuwa asarar dala 200 ba za ta kawo ki Niyok ba. Amma a lura, SEC ba ta ce sharaɗin ya halatta ba, cewa ta yi ba ita za ta tare shi ba. Saura dokar jihohi, kuma Delaware inda mafi yawan manyan kamfanoni suka yi rajista tana da dokar da ake ganin za ta kawo masa cikas.

Auta (Kano):
Na gode Anti. Wannan ya tuna min da iyayen yaran da aka gwada wa maganin Trovan a Kano lokacin sanƙarau na 1996, ai haɗuwa suka yi suka kai Pfizer kotu a Amurka, da ɗai-ɗai ne ba wanda zai ji su

Anti Lauya:
Su ba sharaɗin sasanci ne ya tare su ba, tasu gwagwarmayar a kan ko kotun Amurka za ta saurare su ne, amma a batun haɗuwa kin yi daidai.

Hajiyar Columbus:
ni na Disney ne ya girgiza ni wlh. matar mutum likita ta rasu bayan ta ci abinci a wani gidan abinci a filinsu na Florida saboda abin da jikinta ba ya karba, ya kai kara a 2024, lauyoyinsu suka ce ai ya taba yin rajistar gwajin manhajar kallon fim ta Disney+ a 2019 don haka ba shi ba kotu. rai fa aka rasa. sai da duniya ta yi musu caa suka janye. to in da ba a yi surutu ba fa

Baffan Bronx:
Kuma kada wani ya ce ba a iya gyarawa. Majalisa ta hana shi a bashin sayen gida tun dokar Dodd-Frank ta 2010, ta hana a yi wa sojoji shi a wasu basussuka, a Maris 2022 Biden ya sa hannu a dokar da ta hana tilasta sasanci a ƙarar cin zarafin mata da lalata, kuma jam'iyyu biyun suka goyi baya. Wato sun san yana cutarwa, suna dai zaɓen wanda za su kare. Mu na bankuna saura ƙiris mu samu, CFPB ta fitar da ƙa'ida a Yulin 2017 cewa banki ba zai hana taron dangi ba, a Oktoba majalisar dattawa ta kashe ta 51 da 50, mataimakin shugaban ƙasa Mike Pence ne ya zo da daddare ya raba gardamar. Ƙuri'a ɗaya. Masu takardar zaɓe a cikinmu ku riƙa tambayar 'yan takara matsayinsu a kan wannan.

Mai Taksi:
Anti to yanzu kafin majalisa ta farka mu me zamu yi, a daina danna amincewa ne ko yaya

Anti Lauya:
Ba za ka iya dainawa ba, sai dai ka bar aiki. Amma yarjejeniyoyi da yawa suna da ƙofar fita da ba sa so ka gani, su ba ka kwana 30, wasu 45 ko 60, daga ranar da ka sa hannu, ka aika musu cewa ba ka yarda da sashen sasancin ba, kuma akawun ɗinka na nan ba abin da zai same shi. Ka buɗe rubutun ka nemo sashen, ka bi yadda suka ce daidai, in wasiƙa suka ce to wasiƙa ta gidan waya mai rasit, in imel ne ka ajiye kwafi, ka sa cikakken sunanka da lambar akawun. Duk lokacin da suka sabunta sharuɗɗa ka sake dubawa don wani lokacin sabon wa'adi ne ke buɗewa. Yawancinsu kuma sun bar maka ƙaramar kotu ta ƙananan kuɗi, can ba sai da lauya ba. Ku goman nan da kuka zauna, kowa ya ɗauki hoton lissafin tafiye-tafiyensa ya adana tun kafin a rufe masa manhajar, sannan ku nemi lauyan ma'aikata wanda ya saba shigar da irin ƙorafin nan da yawa a lokaci guda, da yawansu ba sa karɓar kuɗi sai an ci.

Ɗan Kasuwan Houston:
Barista ki turo min yadda ake rubuta wasiƙar fitar. Ban canza ra'ayi kan lauyoyin taron dangi ba, amma zan duba takardar kamfanin da ke karɓar min kuɗin kati a shago yau da daddare.

Anti Lauya:
Zan sa ta a nan bayan isha'i Alhaji kowa ya ɗauka. Taka ta 'yan kasuwa ce, ba lallai a samu ƙofar fita a cikinta ba, ka turo min shafin da sashen yake in gani.